Rigar da Ta Zauna Cif

Tun daga bakin ƙofa tsohuwar take leƙen jikin matar ɗanta, amma ba ta ga rigar ba.

Duk garin Mai Wurno an san da rigar nan. Tun ana tsinkar auduga ta ɗauki kwarashi, ita da ba ta taɓa saƙa abin da ya wuce hular jariri ba, ta ce za ta yi wa amarya rigar shan iska kafin zafi ya sauko. Yarinyar a birnin Madani ta tashi cikin masu Larabci, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, to bari hannu ya faɗi abin da baki ya kasa. Ta saƙa, ta warware, ta sake saƙawa. Wuyan ya ƙi fita, hannuwan suka shige ciki. Haka ta aika da ita Sinnar, garin da ɗanta da amaryar suke zaune, yau kuma ta biyo sawu.

Amarya ta ja ta har ɗaki da murna. "Ya Hajja, duba. Kyau, tamam."

Ga rigar nan an lulluɓe talabijin da ita, an ɗora mata furen roba. Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Tsakani da Allah, kusurwa huɗun sun zauna.

Da ta koma Mai Wurno ta sauka daga mota, maƙwabta suka tare ta. "Inna, ta yi mata daidai?"

"Cif, kamar an gwada," in ji ta. "Kullum tana jikinta. Ba ta tuɓewa sai za a kalli labarai."