Mai Kilishin da Ya Yi wa Kishiyar Rumfarsa Talla

Tasi'u, kife wayar nan a kan tabarma ka saurare ni. Tun da ka zauna, sau uku ke nan kana nuna mini hoton shagon abokin sana'arka kana tsaki. Ni ban ga aibin shagon ba, fuskarka dai na ga ta canza. Bari in ba ka misali.

An yi wasu masu kilishi biyu a wani gari, dogo da gajere, wurin maigida ɗaya suka koyi sana'a. Maganar gaskiya, dogon ya fi iya wuƙa. In ya yanka tsoka ya shimfiɗa ta, sai ka hango hasken rana ta cikinta. Labunsa kuwa, kwaɓin ƙuli da kayan yajin nan da ake tsoma naman a ciki, ko maigidan nasu ya sara masa. Shi ya sa da maigidan ya rasu, wata Hajiya mai saran kilishi tana kaiwa kudu duk wata ta zaɓi dogon. Rabin tuwon gidansa daga cinikinta yake fitowa.

Gajeren bai kai shi ba, kuma ya san bai kai shi ba. Abin da yake yi kawai, kullum da hantsi in ya gama shanya sai ya ɗauki hoto ɗaya ya ɗora a waya, ya jefa wayar a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, ya koma korar ƙuda. To, hoton nan guda shi ya hana dogon sukuni. Ya buɗe shi da safe, ya buɗe shi da azahar, ya sa yatsu biyu masu maiƙo ya ja shi ya faɗaɗa yana neman aibi. Yana ƙirga masu cewa "Ma sha Allah" ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana sukarsa kamar ƙaya. Wai shi da ya fi iyawa ba a yabe shi ba, sai wannan da har yau hannunsa ke rawa a kan wuƙa? Baƙin ciki ne tsagwaronsa, ba wani suna gare shi ba.

Da abin ya ci shi ya cinye, sai ya fara tura hoton. Ya tura zauren 'yan unguwa, ya tura na mahauta, ya tura na waɗanda suka yi firamare tare, a ƙasa ya rubuta: "Ku dubi yaudara. Wannan jan ba na tattasai ba ne, kala ce." Abin da ya manta, mai jin yunwa ba ya karanta rubutun ƙasan hoto. Ido a kan nama yake sauka, yawu ya tsinke. Sai wani ya tambaya, "A ina rumfar take?" wani ya ba shi kwatance. Dogon ya ƙara hasala, gobe ya ƙara turawa. Har Hajiyar nan bai ƙyale ba, kullum sai ya aika mata, wai don ta kiyaye kada a cuce ta. Ba ta taɓa ba shi amsa ba.

Nama kuwa ba ya jiran mai waya. Wanda ya kamata a juya da hantsi ya kai azahar ya manne wa karan shanya, wani gefen ya bushe ƙamas, wani da sauran danshi. A wata na farko Hajiya ta ce kaɗan ya yi mata fumfuna a hanya. Ya rantse laifin damina ne.

Ranar da za ta ɗauki kaya na gaba, dogon ya jera kilishinta a kan waga, ragar ƙarfen nan, don gashin ƙarshe. Kai ma ka sani, wannan gashi nuna wa wuta kawai ake yi, a juya, a ɗauke. Yana jerawa wayar ta yi ƙara. Wani ne a zauren 'yan unguwa ya rubuta cewa duk garin babu kamar gajere. Dogon ya bar naman a kan wuta. Ya fara rubuta raddi, ya goge, ya sake, yana neman kalmar da za ta fi zafi. Bai farga ba sai da maƙwabcinsa mai shayi ya ƙwala masa kira saboda ƙauri. Kafin ya kwashe, fiye da rabi ya zama gawayi.

Hajiya ta iso motarta na jira a tasha. Ta ɓalli ɗan gefe, ta shinshina, ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ciro wayarta ta buɗe hoton da ya aiko mata da safiyar nan, ta juya masa shi.

"Malam, mota ba za ta jira ni ba. Wannan da kake turo mini kullum, ta ina ake bi zuwa rumfarsa?"

Da hannunsa ya nuna mata hanya, kuma daga ranar ba ta sake tako rumfarsa ba. Shi kuwa gajeren har yau bai san wanda ya yi masa talla ba. In sun haɗu a masallaci yakan riƙe hannun dogon da hannu biyu ya ce, "Yaya, ka taya ni godiya, kasuwa ta buɗe ban san ta ina ba."

Ka ji, Tasi'u. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.