Sunan da Ke Kan Mita

Ƙarfe uku da rabi Dogo ya kashe babur ɗin kamfani a ƙofar gida na ƙarshe da ya rage masa a Kwandiko. Bai cire hular kwano ba, bai kuma sauke takunkumin da ya rufe masa hanci da baki ba. Ya yi sallama can ƙasan maƙoshi, ya sunkuya ya wuce zauren ba tare da ya dubi inda azara ta sauko ba.

Wata uku ke nan da ya sami aiki a ofishin kamfanin wutar sola da ke Birnin Kudu. Lokacin da aka fara kawo wutar, da janareta ake ba da ita, farashinta kuwa na dizal ne. Yanzu faya-fayan sola sun cika bayan gari, sabbin shiga suna biyan rabin kuɗin. Amma duk wanda bai nemi a sauya masa ba, haka ake barinsa a kan tsohon farashi. Yau ce ranar ƙarshe ta neman sauyin. Huɗu na bugawa an rufe, sai kuma bayan shekara biyu.

Gida tamanin ya sauya wa. Wannan ne na farko a takardarsa, amma ya yi ta tsallake shi.

Inna Kubra tana zaune a gindin darbejiya tana ƙulla zoɓo a leda da lalube, don yanar ido ta rufe mata gani tun bara waccan. Firjin da take sana'a da shi ya yi shiru, wuta ta ƙare tun jiya. A turke akwai igiya uku, akuya ɗaya.

"Ɗan kamfani ne?" in ji ta. "Kai ne na huɗu. Zauna ka sha ruwa, ka koma inda ka fito."

Ya tsuguna nesa da ita, ya yi mata bayani da dusasshiyar murya. Hanya biyu ce. Ko dai wanda sunansa ke kan mitar ya zo ya ɗora yatsa a na'urar da ke hannunsa, a nan gaban mitar, ko kuma a goge wancan sunan a sa nata. Na'urar ba ta da wuya, in ji shi, har faɗin sunan mutum take yi da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi boko ba.

"Mai sunan ba ya nan. Shekara bakwai ke nan."

"To a sa naki, Inna. Minti biyu ne."

"Ba za a goge ba."

Ya dubi agogo. Huɗu saura kwata. Gumi ya jiƙe masa takunkumi.

"Inna, zoɓon nan ba ya mayar miki da kuɗin wuta. Awaki biyu sun tafi a kan mitar nan. In aka rufe yau, wannan ma tafiya za ta yi."

"Gobe ma za a kai ta kasuwar Sara," ta ce, kamar mai ba da labarin wani.

Ya miƙe, ya sake tsugunawa. Ya roƙe ta don Allah, ya roƙe ta don Annabi. Ta ajiye ledar hannunta.

"Kai yaro ne, bari in gaya maka. Mai sunan ɗana ne na fari. Ka san bakina ba ya kama sunansa, ko sau ɗaya ban taɓa kiransa ba. Da yana nan, ina jin mutane suna kira, ya ishe ni. Da ya tafi, sai gari ya daina faɗa a gabana, wai kada a tayar mini da hankali. To duk ranar da na je sayen wuta wurin Malam Hambali, sai ya karanto sunan da ke kan mita don ya tabbatar. Nan kaɗai nake jinsa. Shi ya sa nake sayen ta kaɗan-kaɗan, don in riƙa komawa."

Dogo ya gyara takunkuminsa.

"A kan mutumin da ya kwance miki shanun noma ya sayar, ya tafi ko waya babu? Wanda watakila ma ya dawo hannu rabbana, kunya ta hana shi..."

"Wa ya ba ka labarin shanu?"

"A gari na ji."

"To gari ya yi ƙarya. Shanu gadon ubansa ne. Kada ka ƙara zaginsa a gidan nan. Tashi ka tafi."

Saura minti huɗu. Ya miƙe, amma bai nufi zaure ba. Ya shiga ɗakin da ke hannun hagu, ya janye ƙyauren, ya ɗaga tsohuwar tabarmar da aka rataye a bango. Mitar tana nan bayanta. Ya haska lambarta da na'ura.

"Kai!" Inna Kubra ta taso tana lalube, bokitin zoɓo ya kife. "Wa ya nuna maka wurin? Wallahi in ka goge mini sunan nan ban yafe ba!"

Ya cire hular kwano ya ajiye a ƙasa, ya sauke takunkumin. Ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya rufe ido, ya ɗora.

Na'urar ta yi ƙara, ta kawo koriyar wuta, sannan ta faɗa da ƙarfi har tsakar gida: "An tabbatar da mai mita, Safiyanu Yunusa."