Makullin Gidan Mama Nkechi

A layinmu na bayan tashar jirgin Kafanchan, da sunan mutane ake kiran gida: Gidan Mai Citta, Gidan Direba, Gidan Mama Nkechi. Da rikici ya lafa, Mama Nkechi ta kwashi 'ya'yanta ta koma garinsu, ta bar wa innata makulli. Ta ce, "Maman Ladi, riƙe mini. Ina dawowa."

Shekara uku Inna tana share mata ƙofar gida.

Wata la'asar ina shara, Inna tana yayyafa ruwa, sai ga wani mutum da guduma. Ya ce ya sayi gidan. Inna ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa makullin.

"Bar shi, Mama, kwaɗon ya yi tsatsa."

"Gidan Mama Nkechi ne fa. Buɗewa ake yi."

"Wace ce kuma haka?"

Sau biyu ya buga, kwaɗon ya faɗi. Inna ta mayar da makullin bakin zani, ta ce in ƙarasa sharar.

Yanzu shagon siminti ne a wurin. Makullin yana hannuna. Har yau Gidan Mama Nkechi nake ce wa 'yan acaɓa, su tsaya suna kallona.