Ƙofar da Ke Tambayar Gajiya

Tun da hukumar lafiya ta daidaita da masu asibiti kan batun hutu, ƙofar ɗakin haihuwa ce ke gaida ma'aikata. Duk wadda ta ce ta gaji, doka ta ce ta koma gida ta huta.

Lantana ungozoma ta iso da hantsi, hannunta na rawa don rashin barci. Yau kam gaskiya za ta faɗa.

"Ina gajiya, 'yata?" in ji ƙofar. Muryar tsohuwa masu asibitin suka zaɓa mata, sak ta kakar Lantana.

Wace 'yar mutunci ce za ta ce wa babba ta gaji?

"Ba gajiya, Inna." Bakinta ya riga ta.

Ƙofar ta sa mata albarka, ta buɗe. A ciki mai naƙuda na jiran allura daga wannan hannun.