Zanen Lantana Mai Riƙe Wuta

Tun da marinar garinmu ta bar shuni ta koma rinin roba, Lantana mai sayar da nono take jiran layi ya zo kanta. Robar baƙa ce, ruwa-ruwa. In zane ya sha ta ya bushe, aka ɗinke shi da fallen litiyam, ƙarfen batiri, a tsakiya, sai ya riƙe wuta fiye da batirin mota.

Ranar Laraba aka aiko cewa nata ya fito. Ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba ta ɗora akwatin sanyinta a keke, ta nufi marinar. Ta gaji da zubar da nonon da ya lalace a hanya.

"Baba Barau, da gaske wutar zanen za ta kai ni yamma?"

"Har jibi ma, 'yata," in ji tsohon marinin yana dariya. "Amma kada ki kuskura ki wanke shi a rafi."

Ya naɗe akwatin da zanen, ya haɗa su da wayar wuta. Akwatin ya fara gurnani. Lantana ta zura hannu ta ji sanyi, ta rangaɗa guɗa har masu rini suka ɗago kai.

"Gobe sai kasuwar birni!"

Ta cire wayar don kada ta tsinke. Tsohon ya kama mata akwatin da baƙaƙen hannuwansa da suka sha robar, sai gurnanin ya dawo.

"Baba, ai na cire wayar."

Ya janye hannuwan, akwatin ya yi tsit.

"Yi sauri, rana na yi," ya ce, ya cusa su cikin aljihu.