Jar Ƙwaya a Kokon Safe

Nathan ya tsayar da adaidaita sahunsa a mararrabar ƙauyen tun rana ba ta ɗaga ba, ya sauko da sabuwar fartanya, ko takardar kanti ba a ɓare daga ƙotarta ba.

Ranar noman surukai ce. A gidan Baba Zachariah ba a ba da 'ya sai mai nema ya shiga gona an ga guminsa. Damina ta yi tsakiya, ciyawa ta shaƙe gero, kowane gida hannu yake nema. In Nathan ya kai yamma a tsaye, Joyce, 'yar gidan, tasa ce. In ya zube, ya koma Ungogo da tuzurancinsa. Shi kuwa rabonsa da noma tun yana da ƙuruciya, tafin hannunsa ya yi laushi kamar na mai jego.

Amma wai shi mai dabara ne.

A gindin darbejiya wata dattijuwa na suyar ƙosai, ga tukunyar koko a gefenta. Bayan hannunta na dama duk tabon ƙunar mai ne. Ya ce ta zuba masa koko, ko gaisuwa babu. Ya zaro kati daga aljihu, ya ɓallo jajayen ƙwayoyi biyu, ya murƙushe a cikin kokon, ya yar da katin a gaban murhunta.

Ta dubi katin, ta dube shi.

"Ɗan nan, ga ƙosai mai zafi, ga gyaɗa. Ka ci ka ƙoshi, ka riƙa kurɓar ruwa. Da shi ubanninka suka yi noma."

"Iya, wannan ƙarfin zamanin da ne. Yau a kati ake sayar da shi."

"Na san ƙwayar nan. Ita ta kai min ɗa ƙasa, yana tsakar gonar wani."

Ya yi dariya har koko na fita masa ta hanci.

"Ɗanki rago ne, bai san awo ba. Ni yini ɗaya zan yi wa ƙauyawan nan wasa, su washe baki su miƙo 'yarsu. In na ɗauke ta, ko bikin wani ba za ta sake tako wannan jejin ba."

Ta juya ƙosanta.

A gona kuwa, sai wanda ya gani. Samarin gayya suna layi na biyu, shi yana na huɗu. Ido ya yi jajir, baki ya bushe, yana sara kamar an kunna inji. Ya sare ciyawa, ya haɗa da gero nan da can, amma ƙura ta rufe ɓarnar. Da aka kawo tuwo da rana ya ce shi ba ya jin yunwa. Maza suka yi ta tafi. Maza ai haka suke, in dai ƙasa na tashi sama, ba sa tambayar me ke tayar da ita.

Joyce ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallon idanunsa. Irin kallon da take yi ke nan duk sanda aka ambaci yayanta marigayi, wanda ta taɓa ce masa ciwon farat ɗaya ne ya ɗauke shi. Bai taɓa tambayar wane ciwo ba.

Da la'asar Baba Zachariah ya dafa kafaɗarsa.

"Ni dai na gamsu. Amma a gidan nan maganar 'ya a bakin uwarta take. Je ka gaishe ta."

Wannan bai dame shi ba. Tun da ya fara zuwa zance bai taɓa ganin fuskar matar ba. Kunyar suruki ce: da ta ji ƙarar adaidaitarsa sai ta shige ɗaki, ya gaida labule, labule ya amsa da gyaran murya. Macen da ba ta iya haɗa ido da shi, me za ta hana?

Ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya sassauta murya kamar mai addu'a a coci.

"Inna, barka da yamma. Na gama aikin da aka sa ni."

Ƙamshin man suya ne kawai ke fitowa daga ɗakin.

Sai labulen ya motsa, hannu mai tabon ƙuna ya fito a hankali, ya ajiye masa katin jar ƙwayarsa a gaban gwiwa.