Sitiyari Kaɗai

Uba ya sake miƙa wa Lukman wayarsa, bidiyon nan dai na jar mota tana keta titi, tana wuce sauran kamar suna tsaye.

"Wanga wasan nika so ya hau, kuma kada ya riƙa tsayawa."

Lukman, mai gyaran kwamfuta a bakin tashar Anka, ya dubi wayar, ya dubi ƙullin kuɗin da Uba ya ajiye a kan tebur, ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Da ganin ƙullin an san babur aka sayar, domin har jiya Uba kabu-kabu yake yi, yau kuma da ƙafa ya zo.

"Mi za ka yi da kwamfutar wasa, kai da ko waya sai an danna maka? Ɗan wani Alhaji ya aiko ka?"

"Ta Hudu ce," in ji Uba.

Ɗansa Hudu ba mai roƙo ba ne, ba kuma mai yawan magana ba. Sau ɗaya tak ya ce yana son ya tuƙa motar nan, ya kawar da kai. Da faɗa ya yi da ya fi wa Uba sauƙi. Shekara da shekaru bai iya haɗa ido da Hudu na tsawon lokaci, balle ya ce masa babu.

Aka shiga zaɓen kaya, kuma a nan Uba ya gane cewa kwamfutar wasa kamar tuwon gidan biki take, kowane malmala da kuɗinsa. Lukman ya ce zuciyar abin ita ce katin hoto, in shi ya yi rauni motar za ta riƙa tuntuɓe. Sabo ya fi ƙarfin aljihunsu, sai na hannu da aka kawo daga Gusau. Uba ya amince. Duk abin da aka rage, ji yake kamar daga bakin Hudu ya fizge shi.

Suka rage girman allo. Suka ɗauki tsohon firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Lukman ya hana a taɓa na'urar raba wuta, ya ce wutar Anka in ta zo da fushinta, mai arha za ta kai su ta baro. Sannan ya zaro siraran ram guda biyu, 'yan fallayen da ke ƙara wa kwamfuta sauri, ya ɗora ɗaya a tafin Uba.

"Ka ga bakinshi yana ƙyalli? Ruwan zinari na. Ku mutanen Abare masu haƙarshi ai kun hi mu sani."

Uba ya ajiye shi da sauri, ya goge hannunsa a jikin riga, ya sake gogewa. Lukman ya ɗauka tsoron ɓata kaya ne.

Da kuɗin suka soma ja da baya, Lukman ya jawo wani akwatin kwamfuta wanda murfin gefensa ya ɓata, ya ce zai bar masa shi kyauta, iyakaci ƙura ta riƙa shiga, a riƙa hurewa.

"A'a! Ban kai mishi abin da ka tara ƙura!"

Muryar ta fita fiye da yadda ya so, har mai sayar da rake a waje ya leƙo. Uba ya ji kunya, ya ba da haƙuri, amma bai sauka daga maganarsa ba. Aka sayi rufaffen akwati, aka bar lasifika.

Saura sitiyari. Akwai wani na hannu da ya zo tare da totur da birkinsa na takawa, farashinsa kuwa ya zarce abin da ya rage. Lukman ya soma neman inda za a sake yankewa, Uba ya tsayar da shi.

"Riƙe na ƙasan, ka saida ma wani. Ka maida totur ɗin da birkin bisa maɓallan hannu."

"Daɗin abin ai a taka na."

"Yi yadda nic ce."

Bayan la'asar aka gama haɗawa. Wani tsohon abokin kabu-kabunsa ya ɗauko shi da kayan zuwa gidan da suke haya tun barowarsu Abare. A zaure Uba ya tuɓe takalmi, ya kaɗe riga, ya wanke hannu har gwiwa, kamar kullum. Matarsa Hawwa'u ta dubi kwalayen, ta dubi ƙofar da ba ta ga babur ba. Ta ja masa tebur zuwa gaban Hudu.

Allah ya taimaka akwai wuta. Fanka ta juya, allo ya haska, jar motar ta tsaya a bakin layi. Uba ya riƙe numfashi, yana jiran tuntuɓen da Lukman ya faɗa. Hudu ya damƙi sitiyari, ya danna, mota ta cilla. Ba ta tsaya ba. Ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu, ta sha kwana.

Hudu ya ƙyalƙyale da dariya, ya juyo, kalmomin suna fitowa da ƙyar ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, duba! Ni ka gudu!"

Uba ya yi ƙoƙarin murmushi, ya kasa. Ya sunkuya ya gyara wa ɗansa siraran ƙafafun da ba su sake taka ƙasa ba tun yana ɗan shekara biyu, tun ranin da shi Uba ya kwaso duwatsun zinari masu gubar dalma daga rami, ya sa aka dake su a turmin da ake dakan geron kunun yaron.